Masu Gyaran Wuta, Ku Ɗaga Kai

Daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, ko ka miƙa Fagge ko ka gangara Sabon Gari, da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ci karo da ɗayansu ba. Jaka a kafaɗa, testa a aljihun gaba, filaya a na baya, wani lokaci da tsani ɗaure a gefen babur. Da su nake yau, masu wayarin da gyaran wuta, da yaran da ke riƙe musu tsani, da kuma masu gidajen da ke kiransu.

Na daɗe ina lura da yadda mutanenmu suka ɗauki wannan sana'a. Ba a tuna mai gyaran wuta sai soket ya yi baƙi, ko fanka ta tsaya cikin zafin Afrilu, ko an ji warin roba na tashi daga silin. A lokacin kowa lambarsa yake nema, a yi ta kira babu ƙaƙƙautawa. Da ya gama, wuta ta kama, yara suka yi tsalle, sai maigida ya sa hannu a aljihu yana cewa, "Ai ɗan abu kaɗan ka taɓa." Wannan ɗan abu kaɗan ɗin, shekaru mutumin ya yi yana bin maigidansa rana da iska kafin ya san inda zai taɓa, kuma da ya taɓa inda ba nan ba, da yanzu tabarmar makoki aka shimfiɗa. Ina so masu wannan aiki su san matsayinsu a garin nan, su daina karɓar raini kamar wani ɓangare ne na ladan aiki.

Ku dubi ƙasar da kuke takawa. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a 1912 jirgi ya kama zirga-zirga tsakaninta da Ikko. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, manoman ƙasar Kano suka zaɓi gyaɗa, har aka wayi gari buhuna sun zama dala, sunan Alhassan Ɗantata ya zaga ko'ina. Wannan labarin kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne jirgin bai tuƙa kansa ba. Akwai masu ɗaure noti, masu gyaran tukunyar jirgi, masu buga tangaraho, kafintoci da maƙera. Da yawansu daga kudu suka zo, wasu daga Gana da Saliyo, kuma dominsu da ire-irensu aka yanka Sabon Gari wajen 1913. Fagge kuwa tun kafin zuwan Bature zango ce ta fatake da masu raƙuma a wajen ganuwa. A tsakanin unguwannin nan biyu baƙo da ɗan gari suka haɗu, wannan ya koya wa wancan riƙon sufana, wancan ya koya wa wannan harshe da ciniki. A 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa, Michael Imoudu na gabansu, su suka ja ragamar yajin aikin gama-gari da ya shafe fiye da kwana 40, har gwamnatin mulkin mallaka ta gane cewa ranar da mai aikin hannu ya ajiye kayan aikinsa, ƙasa tsayawa take cak. Ku magadan waɗannan mutane ne, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Ita kanta wutar ta sha canza uban gida. ECN ce a farkon shekarun 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, Nepa ta zo a 1972, PHCN a 2005, sannan a Nuwambar 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, KEDCO ya ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Amma duk wanda ke riƙe da ita, huruminsa a bakin mita yake tsayawa. Daga mita zuwa kicin, zuwa shagon da ke ƙofar gida, zuwa ɗakin da jariri ke barci, babu gwamnati, babu kamfani. Kai ne. Tela in ya ɓata ɗinki, ranar sallah kowa zai gani, a mayar masa ya warware. Wayar da ka ja cikin bango kuwa, magini zai shafe ta da siminti, mai fenti ya bi ya rufe, ta yi shekara ashirin ba wanda ya sa ta a ido. Daga kai sai Allah kuka san ko mai kauri ce ko siririya, ko ka ɗaure mahaɗarta tamau ko ka murɗa kawai ka naɗe da salatif. Rayukan mutanen da ba su san sunanka ba suna rataye da abin da ka yi a ranar da babu mai kallonka. Wanda aka ba irin wannan amana ba ƙaramin mutum ba ne.

Mu shiga gida irin na Fagge, cikin waɗanda aka ja wa wuta tun zamanin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwan fitila huɗu da rediyo da fanka ɗaya ba. Yau a gidan akwai firji biyu, ɗaya na ƙanƙara da zoɓon sayarwa. Akwai dutsen guga, hita ta dafa ruwan wanka, keken ɗinki mai amfani da wuta, injin jan ruwa daga rijiya, wayoyin hannu barkatai a caji, ɗan gidan da ya samu aiki kuma ya kafa esi a ɗakinsa. An raba gado, an ƙara ɗakuna, an yanka shago ta waje, kuma kowane ƙari da wayar da ke kusa aka jona shi. Wayar asali tana nan yadda aka bar ta. Uwargida ta ce in an kunna hita sai fitilu su dushe, soket ɗin kicin kuma ba ya taɓuwa don zafi.

Gwani ba ya farawa da ɓalle soket. Tsayawa yake ya yi tambaya: yaushe abin ya fara, me aka sayo sabo, wane ɗaki ne ke fara ɗaukewa. Sai ya nufi katawut ya zare fiyus. Sau da yawa zai tarar an cire siririyar wayar fiyus ɗin an naɗa mai kauri, wai don yana yawan yankewa. Fiyus kuwa don ya yanke aka yi shi, in aka hana shi, wayar cikin bango ce za ta ɗauki zafin. Daga nan ya kashe wutar gidan, ya gwada da testa, ya sake gwadawa, sannan ya kwance soket. Robar wayar ta bushe tana marmashewa a yatsa, jan ƙarfen ya yi baƙi, sukurun da ya kamata ya danne wayar ya saki. Duk inda mahaɗa ta saki, nan zafi ke taruwa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da katakon silin zai kama.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Hita mai wat 3,000 a kan wutarmu ta bolt 230 tana jan amfiya 13, kuma iyakar abin da soket na gida ke ɗauka ke nan. A haɗa ta da dutsen guga a kan ekstenshan ɗaya, an wuce gona da iri. Shi ya sa masu aikin suka raba waya bisa kaurinta: 1.5 ta fitila da fanka, 2.5 ta soket, 4 ko 6 ta esi da hita da kuka, kowanne da layinsa da birekarsa. Mu kuma garinmu zafi ne da shi, a watan Afrilu yakan haura digiri 40, cikin silin ɗin kwano kuwa ya fi haka nesa. Waya mai zafi ba ta ɗaukar abin da za ta ɗauka a wuri mai sanyi. Wanda ya san Kano yakan ƙara wa wayarsa kauri, ba ya ragewa.

A nan ake gane mutum.

"Alhaji, wayar nan ba za ta ɗauka ba. Sai an ja sabon layi zuwa kicin, da 4."

"Haba Injiniya! Wancan yaron ya ce da 1.5 ma zai yi, kuma rabin kuɗinka ya nema."

"Za ta kama, ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma ni ba zan sa ba. Iyalinka ne ke kwana a nan."

Na san nauyin wannan "ba zan sa ba". Na san ana faɗinta ne a ranar da aka fito gida ba a bar kuɗin cefane ba, ga kuɗin makarantar yara, ga mai gidan haya yana aike. Na kuma san wani zai zo bayanka ya karɓi aikin, ya sa siririyar, ya tafi da kuɗin. Duk da haka ka faɗe ta. Alhajin da ya ji haushinka yau, shi ne zai nemo ka ranar da zai yi wa ɗansa gini, domin ya riga ya gane akwai abin da kuɗinsa ba ya saye a wurinka. Unguwa ba ta mantuwa. A majalisar bakin titi, a ƙofar masallaci bayan la'asar, a gidan suna, sunayen masu sana'a ake juyawa, kuma mutum ɗaya ne zai ce "kira wane, ba ya ha'inci" ya ciyar da gidanka shekara goma.

Sai batun jabun waya, wanda ya zama annoba. In ka shiga shagunan kayan wuta na France Road ko cikin kasuwar Sabon Gari, za ka samu waya ta gaske, kuma wayar da ake yi a ƙasar nan, irin ta Cutix a Nnewi ko Coleman ko Nigerchin, ta yi suna wajen inganci. Sunan nan ne ya sa maha'inta ke kwaikwayon tambarinsu. Jabun takan zo da alminiyam a ciki, an yi masa wankan jan ƙarfe a sama. Gwani ba ya tsayawa kan takardar jikin ƙunshi. Yakan ɗaga ya ji nauyi, ya feɗe baki, ya kankare da wuƙa: in ciki ya fito fari, ya mayar. Yakan lanƙwasa ya ga ko za ta karye, ya dubi kaurin ƙarfen, domin wasu robar suke kumburawa su rage ƙarfe, a rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba. Hukumar SON na kama wasu, amma ba za ta shiga kowane gida ba. Mai tsaron ƙofa na ƙarshe shi ne mai wayarin. Ranar da ku duka kuka ƙi taɓa jabun waya, mai shigo da ita zai nemi wata sana'ar.

Mutanen Sabon Gari ba sa bukatar a yi musu bayanin gobara. A ƙarshen Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Abubakar Rimi, mutanen da suka kwana da dukiya suka tashi babu ko allura. Hanyoyin gobara suna da yawa, amma akwai wadda hukumar kashe gobara ke nanatawa duk lokacin sanyi: an ɗauke wuta, an manta hita ko dutsen guga a kunne, an kulle ɗaki ko shago, wuta ta dawo da tsakar dare babu kowa. Babban makunni guda a bakin ƙofa, wanda mai shago zai kashe in zai tashi, ya isa ya tare wannan. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mai gyaran wutar da ya ba da wannan shawara ya kashe gobarar da ba za a taɓa jin labarinta ba, ba kuma wanda zai gode masa. Ni dai ina gode masa.

Akwai abubuwa uku da ake yawan tsallakewa don ba a ganin amfaninsu sai ranar tsautsayi. Wayar ƙasa, koriyar nan da ake kaiwa ga sandar ƙarfe a binne: ita ke kwashe wutar da ta zubo jikin firji ko injin ruwa. Ƙasarmu da rani bushewa take ƙayau, shi ya sa tsofaffin masu aikin ke zurfafa ramin, su zuba gawayi da gishiri, su zaɓi wuri mai damshi. Sai birekar nan mai jin yoyon wuta, wadda ke yankewa da zarar miliamfiya 30 ta kauce hanya, kafin ta kai ga tsayar da zuciyar yaron da ya taɓa firji da jiƙaƙƙen hannu. Na ukun shi ne cenjoba, makunnin da ke raba wutar janareta da ta Nepa. Wanda ya cusa janareta kai-tsaye a soket, wutarsa na iya komawa kan layin waje, ta samu wani bawan Allah a saman turke yana aiki, ya saki jiki don ya san an kashe layin. Ɗan'uwanku ne a sana'a. Kada hannunku ya yi irin wannan haɗin, ko nawa aka ba ku.

Haka nan satar wuta. Za a zo muku da murmushi a ce a ɗan zagaye mita, kowa ma yi yake. Laifi ne a doka, kuma haɗin da aka yi a ɓoye, cikin sauri, babu fiyus babu bireka, shi ne ya fi kowanne saurin kamawa. Wanda ya sa ka aikin zai iya rantsewa bai san ka ba ranar da asiri ya tonu. Akwai hanyar halal ta rage wa mutum kuɗin wuta, kuma a hannunku take. Tun da aka kai kuɗin yunit naira 225 ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kowa ya koma lissafi. Ƙwan fitila na da mai wat 60, na zamani mai wat 9 yana ba da haskensa. Ku canza wa mutane ƙwai, ku raba musu layi, ku nemo inda wuta ke zurarewa. Mutumin da ka rage wa kuɗin kati ya zama naka.

Yanzu ku masu gida, Alhaji da Hajiya. Ku nemi na unguwarku. Mai gyaran da ke sallah a masallacinku, wanda kuka san gidan ubansa ko shagon maigidansa, ba zai yi muku aikin banza ya ɓace ba, domin gobe da safe za ku haɗu. Ya san taransifomar layinku, ya san lokacin da wuta ke zuwa da rauni da lokacin da take zuwa da ƙarfin da ke ƙona talabijin, ya san irin ginin unguwar da inda magabata suka bi da wayoyinsu. In abu ya tashi ƙarfe goma na dare, shi ne zai iso da ƙafa. Amma kusanci kaɗai bai isa ba. Ku tambayi gidajen da ya yi wa aiki, ku tambayi wanda ya koya masa. Ku ce ya rubuta muku kayan da za a saya da kuɗin hannunsa daban-daban. Ku lura ko yana kashe wuta kafin ya taɓa, ko kuwa irin masu burgar nan ne da ke kama waya da hannu don a ce sun iya. In ya ce wayar gidanku ta tsufa, kada ku ɗauka neman kuɗi yake, ku ce ya nuna muku, ku taɓa robar da hannunku. In kuɗin sabunta gidan gaba ɗaya ba zai samu ba, a fara da kicin da allon bireka, sauran a bi a hankali. Sannan ku biya shi da ya gama, kada ya yi ta sintiri a ƙofarku kamar mai bara. Mutumin da ya kashe miliyoyi a tayil da labule, bai kamata ya tsaya cinikin naira dubu biyu da wanda zai hana su ƙonewa ba. Araha ba ta ado, a harkar wuta kuwa har rai takan ci.

Ku kuma masu sana'a, ku sa a girmama ku. Ku zo a lokacin da kuka ce. Ku share ɓaraguzan da kuka fasa. Ku mayar da ragowar waya ga mai ita ko da taku biyu ce. Ku rubuta a jikin kowace bireka ɗakin da take riƙe da shi, don ko ba kwa nan yaron gida ya san wadda zai kashe. Sannan ku nemi takarda. Na san da yawanku sun fi wasu masu digiri sanin aikin, amma babban aiki da takarda ake ba da shi, kuma babu dalilin da zai sa ku yi ta zama 'yan ƙwadago a ƙarƙashin wanda ya karɓi kwangila da shaidar da ku ma za ku iya samu. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, akwai jarrabawar NABTEB, akwai horon ITF, ga kwalejojin fasaha na jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, ƙungiyar LECAN kuma ta masu lasisin aikin ce. Shekaru ba sa hana zama jarrabawa. Mai furfurar da ya shiga aji don ya ƙara sani, ɗaukaka ya ƙara wa kansa.

Kada wani ya ce muku sana'ar nan tana mutuwa don wuta ba ta samuwa. Rashin wutar ma aiki ya buɗe. Tun 2018 aka fara ba shagunan kasuwar Sabon Gari wutar sola, a Janairun 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma janareta ya gagari talaka. A Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, duk wanda ke da allon sola a rufinsa ya zama abin nema a layinsu, ko don cajin waya. Ku ɗaga kai ku dubi rufin gidaje da masallatai da shagunan magani yanzu. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita, ba mu da ƙarancinta. Kowane allo da ke bisa kwano, kowace inbata, kowane batir, hannun ɗayanku ne zai haɗa shi. Sai dai sola tana da nata ilimin, wanda ya ɗauka wayarin gida ce zalla zai ƙona wa mutane dukiya. Wutar batir ƙarfin turawarta kaɗan ne amma abin da take ja da yawa, don haka waya mai kauri take so, gajeriya, da nata fiyus. Batir mai ruwa yana son ɗaki mai shan iska, na litiyam yana son cajar da ta dace da shi. Kafin a sayi komai sai an zauna an ƙirga kayan gida da awannin da za su yi a kunne. Wanda ya iya wannan lissafin ya kuma faɗa wa mutum gaskiya, cewa kuɗinsa zai ɗauki fitila da fanka da firji amma ba zai ɗauki esi ba, ba zai zauna babu aiki ba. Ga kuma sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ga na Kano zuwa Kaduna. Duk inda tasha ta tsaya gari ke tsirowa, da shaguna da gidajen kwana da ɗakunan ajiya, kuma dukkansu sai an ja musu waya.

Iyayen gida, masu yara a ƙarƙashinku, ku koyar da gaske. Yaron da ya shekara uku a hannunka bai wuce fasa bango da sayo abinci ba, ka ci amanar iyayensa. Ka nuna masa dalilin kowane abu: me ya sa makunni ke zama a kan jar waya ba a kan baƙa ba, me ke faruwa in baƙar waya ta tsinke a gida mai layi uku har ƙarfin wuta ya doshi bolt 400 ya ƙone duk abin da ke jone. Kada ka ji tsoron ya fi ka. In ya fi ka, a gari cewa za a yi yaron wane ne. Kai kuma yaro, riƙon tsani ba ƙasƙanci ba ne, daga nan ake ganin yadda hannun oga ke tafiya. Ka buɗe ido, ka yi tambaya, ka sayi littafi ka riƙa zana duk haɗin da ka gani. Kuɗin farko da ka samu, kafin sabuwar wayar hannu, ka sayi na'urar awon wuta taka ta kanka.

Ina kuma kira ga 'yan mata da iyayensu. A garin nan gidaje nawa ne ba a shiga, inda soket zai lalace da safe, matan gida su zauna cikin zafi har maigida ya dawo da dare kafin a shigo da namiji? Macen da ta iya gyaran soket da fanka da haɗa sola, ƙofofin nan duka a buɗe suke gare ta. Aikin ido yake so da natsuwa da lissafi, kuma babu wanda ya fi wani a nan.

Ku kula da rayukanku. Ku sa takalmi mai roba, ku naɗe hannun filayar da ya tsage ko ku sake wata. In kun kashe wutar gida, ku sa fiyus ɗin a aljihunku, kada wani ya zo ya mayar kuna cikin silin. Kada ku amince da "ai an ɗauke wuta", tana iya dawowa kowane lokaci. Kada ku hau turke, aikin masu layi ne. Gida ana jiranku.

Sanyi na wucewa zafi zai shigo, fankoki da firji da esi duk za su tashi lokaci guda, ga wuta mai rauni da ke sa injuna jan fiye da ƙima. Kada ku zauna a benci kuna jiran a kira ku bayan an ji wari. Ku ɗauki jaka ku zaga gidajen da kuka taɓa yi wa aiki, a Fagge da Sabon Gari da duk inda ƙafarku ta taɓa kaiwa. Ku yi sallama, ku ce kun zo duba allon bireka kafin bazara. Ku buɗe, ku ƙara ɗaure sukurori, ku shafa bayan soket ku ji ko da zafi, ku danna maɓallin gwajin bireka, ku tambayi uwargida ko firji na ɗan jan hannu. In kun ga abin gyara ku faɗi kuɗinsa ba tare da kunya ba, in ba ku gani ba ku ce lafiya lau, ku wuce gida na gaba.